Littafin aikin sola na unguwarmu, Damagaram

4 Fabrairu 2024

Mun zauna a zauren mai unguwa bayan la'asar muka tsai da magana. Gidaje goma sha biyu ne a zagayen farko. Kowane gida zai riƙa zuba jaka ɗaya duk Juma'a, ƴan unguwarmu da ke nema a Yamai da Agadas kuma sun yi alkawarin duk jakar da aka zuba za su ɗora mata jaka. Da zarar kuɗi sun kai na gida ɗaya, a saka masa sola. Ni aka miƙa wa littafi da biro, shi ya sa kuke ganin wannan rubutu.

Sharaɗin da aka fi jayayya a kansa shi ne sai mai gidan kansa. Wani tela ya ce ƴan haya sun fi kowa shan duhu, kuma gaskiya ya faɗa. Amma in ka kafa pano a rufin da ba naka ba, wata na kamawa mai gida zai ƙara kuɗin haya, ko ya ce ɗansa zai yi aure a tashi. An bar maganarsu zuwa gaba, wataƙila da irin ƙananan fitilun da ake ɗauka a hannu.

Abin da ya tura mu ba ɓoyayye ba ne. Tun watan Agustan 2023 Najeriya ta yanke kuran ɗin da take sayar wa Nijar, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, alhali wajen kashi 70 cikin ɗari na wutar ƙasar daga can take zuwa. Mu nan layinmu daga Katsina yake shigowa ta Gazawa. Cikin gidajen nan sha biyu, wasu suna da kontar, wasu waya suka jawo daga maƙwabci suna biyansa kan kowane ampul, uku kuwa tocila ce fitilarsu tun da aka gina su.

11 Fabrairu

Yaron da zai yi mana aikin, wanda ya koyi haɗa wuta a makarantar koyon sana'a ta nan garin, ya ƙi maganar pano sam sai mun zaga gidajen. Ya ce: "Malam, ba na auna riga ban ga mai ita ba." Muka bi gida-gida, shi yana karanta abin da ke rubuce jikin kaya, ni ina rubutawa.

Ga lissafin gida ɗaya, na wani mai kabu-kabu, don a ga yadda abin yake. Ampul huɗu irin na da, masu zafi, kowane wat 60, suna ci awa biyar a dare: 1,200 ke nan in an ninka wat da awa. Fankar sama mai wat 70, awa takwas: 560. Jimla 1,760 a yini, ban ma sa cajin salula ba. Kafin batirin darma ya ɗauki wannan kaya ba tare da an zuƙe shi fiye da rabi ba, sai mai amfiya 300 a kan bolt 12. Kuɗinsa kaɗai ya fi abin da gidan zai zuba cikin shekara biyu.

Sai yaron ya sake lissafin da wasu kaya. Ampul huɗu na LED masu wat 5: 100. Fankar tsaye mai aiki da batir kai tsaye, wat 15: 120. Salula biyu da rediyo, a ce 40. Duka bai kai 300 ba. Wannan pano ɗaya mai wat 100 da batir mai amfiya 50 sun ishe shi, don ranar Damagaram tana ba da kamar awa biyar da rabi zuwa shida na cikakken haske, ko an cire asarar ƙura da zafi da waya akwai saura.

Akwai abin da ya fi wannan ba ni mamaki. NIGELEC, kamfanin wutar ƙasa, tana da rukunin masu ƙaramin ƙarfi, inda wanda bai wuce kilowat 50 a wata ba yake biyan farashi mai rahusa. Shi ne rukunin da gwamnati ta biya wa faktir na Afrilu da Mayun 2020 lokacin korona. In ka ninka 1,760 sau talatin, za ka samu kusan kilowat 53. Wato a watan da wuta ta zauna, mai kabu-kabun nan yana tsallake layin da ɗan taki kaɗan, saboda ampul huɗu kawai. In ya canza su, ko bai taɓa fankar ba, zai sauko wajen 20. Mun yanke cewa kuɗin makonnin farko ampul za su saya wa duk gidajen, tun kafin a ga ƙeyar pano. Wasu fuskoki ba su ji daɗi ba. Mutum ya zuba kuɗi don ya ga abu yana ƙyalli a rufinsa, aka miƙa masa ƙwai huɗu a leda.

25 Fabrairu

Aikin da aka ba ni wannan karon shi ne in gano tallafin da ake ta faɗa a rediyo, a ina yake, wa yake samu.

Akwai shi, ba ƙarya ba ne. Tun 2017 gwamnati ta yafe kuɗin duwan a kan wasu kayan sola na gida. A shekarar ce kuma Bankin Duniya ya amince da shirin NESAP, na wajen dala miliyan 50 na Amurka, wanda wani ɓangarensa bashi ne da ake bi ta bankuna a ba masu shigo da kaya da manoma masu son famfon sola. A ƙarshen 2021 aka ƙaro shirin Haske, na sama da dala miliyan 300 na Amurka, don faɗaɗa layuka, kafa ƙananan tashoshi a karkara da kai wuta makarantu da ɗakunan shan magani. Akwai hukumar ANPER mai kula da wutar karkara, akwai ANERSOL mai kula da harkar rana. An gina tashar Malbaza mai megawat 7 a 2018, ta Goru Banda kusa da Yamai mai megawat 30 ta fara aiki a 2023.

To amma ka duba inda kowane yake tsayawa. Yafe duwan a hannun mai shigo da kaya yake sauka, ko ya rage maka ko bai rage ba tsakaninsa da Allah. Bashin banki yana son takardar albashi ko takardar fili mai hatimi. Na shiga wani banki na tambaya, ma'aikacin ya karɓe ni da mutunci, ya lissafo takardun da ake bukata, na ga babu ko mutum ɗaya cikinmu da ke da rabinsu. Yawancin gidajenmu na gado ne, shaidarsu mai unguwa da dattawa. Shirin karkara kuwa ba namu ba ne, tunda mu a takarda ƴan birni ne, turakun wuta suna wucewa ta ƙofarmu. Ga shi Bankin Duniya ya dakatar da sakin kuɗi tun bayan Yulin bara. Talakan birni mai gidan ƙasa ya faɗa tsakiya: ya fi ƙarfin tausayi, bai kai ga banki ba.

Abin yana ɗan sosa mini rai in na tuna ƙasar Abdu Mumuni Diyofo ce wannan, mutumin da ya shugabanci ONERSOL, ofishin harkar rana na wancan zamani, yana ƙera tukunyar girki da na'urar zafafa ruwa da rana tun ana yi wa masu maganar kallon masu mafarki. Jami'ar Yamai sunansa take amsawa. Yau kuwa ɗaya cikin biyar na ƴan ƙasar ne, da ƙyar, ke da wuta a gida.

Jiya CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ce ta ɗage takunkumin da ta sa wa Nijar bayan juyin mulki. Mun ji, muna jiran gani.

9 Maris

Kasuwar Dole, ni da yaron, da na'urar awonsa a aljihu.

Pano kala-kala, kuma abin da ke rubuce a takardar bayansu ba duka ne ake yarda da shi ba. Wani mai shago ya fito mana da ɗaya an manna masa wat 200, girmansa bai fi faifan sallaya ba. Yaron bai ce uffan ba, ya nemi izini muka fitar da shi rana, ya jona wayoyi biyu. Pano mai wat 100 na gaskiya yakan nuna bolt 21 zuwa 22 in ba a ɗora masa kaya ba, ya ba da amfiya biyar da wani abu a tsakar rana, tsawonsa kuma wajen mita ɗaya, faɗinsa rabin mita da ɗoriya. Wannan mai "200" amfiya uku ya tsaya. Mai shagon ya ce ai rana ce ba ta yi ba. Ƙarfe goma sha biyu da rabi, a watan Maris, a Damagaram.

Batir kuma da sikeli ake gane shi. Darma nauyi gare ta, ba a iya ɓoye rashinta. Mai amfiya 50 ya kamata ya kai kilo 15 ko fiye, mai 100 ya doshi 30. Muka ari sikelin wani mai sayar da gero muka ɗora biyu da aka ce duk 50 ne: ɗaya kilo 16, ɗaya 9. Mai geron ya fi mu jin daɗin abin, har ya kira maƙwabtansa su gani.

Mun sami shago ɗaya da ya yarda a auna kaya kafin a biya, kuma zai rubuta mana garanti a bayan rasit. Kayan gida ɗaya, da pano, batir, regilatar mai kula da cajin batir, fanka, waya, fis da ƙarfen ɗorawa, sun tsaya mana wajen jaka ɗari da talatin. Ba mu sa kombatisar ba, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta layi. Duk kayan bolt 12 ne kai tsaye, don kombatisar yana cin nasa rabon ko ba a kunna komai ba, sannan shi ne ƙofar da dutsen guga yake bi ya shigo.

24 Maris

Najeriya ta buɗe iyakarta ranar 13, tamu ta buɗe ranar 22. Ƴan kasuwa sun ce kayan Kano za su fara shigowa ta Matamaye da Magarya ba tare da zagaye ba. Farashi dai bai motsa ba tukuna, kowa yana cewa tsohon kaya yake sayarwa. An rarraba ampul a duk gidajen. Azumi ya yi nisa, zubi bai yanke ba.

6 Afrilu

Gida na farko ya samu. Ba a yi ƙuri'a ba, kowa ya yarda a fara da wata dattijuwa da mijinta ya rasu, tana riƙe da jikoki huɗu, sana'arta ƙosai da safe, kuma gidanta na cikin ukun da ba su taɓa ganin kontar ba.

Mun fara bayan asuba saboda azumi. Rufinta na ƙasa ne a kan azara, yaron ya ce ba zai huda shi ba ko da ƙusa ɗaya, don ramin da ka yi a rani shi ne yoyon damina. Mai walda ya yi mana ƙarfe mai ƙafa huɗu, aka dasa ƙafafun cikin bulo biyu na siminti da aka zuba a ƙasa aka ɗaga sama, aka ajiye su daidai kan katanga inda ginin ya fi ƙarfi, nesa da bakin indararo. Pano yana kallon kudu, an ɗan kishingiɗa shi kamar digiri 15, wanda ya yi daidai da inda garinmu yake, kusan digiri 14 arewa da tsakiyar duniya. An bar tazarar tafin hannu a ƙarƙashinsa don iska ta riƙa wucewa.

Rigimar a wurin ajiye batir ta tashi. Ita tana so a sa shi a ɗakin girki kusa da ƙofa inda za ta riƙa ganinsa.

"Inna, zafi ne ajalinsa," in ji yaron. "Ɗakin da kika fi jin sanyi da rana, nan za mu kai shi."

"Ɗan nan, can randata take."

"To ya zauna kusa da randar, Inna, a kan katako, kada dai ruwa ya taɓa shi."

Ta yi shiru, sannan ta juyo gare ni: "Malam, abin nan ba ya fashewa da dare?" Na ce mata ga fis nan an sa a bakin batir, in waya ta haɗu shi zai ƙone ya raba su. Ta ce a nuna wa babbar jikarta, ita idonta ba ya ganin ƙananan abubuwa. Yarinyar, ƴar aji shida, ita aka koya wa fitilun regilatar: kore lafiya, ja a kashe fanka. Ta rubuta a bangon littafinta na lakwal.

An sha ruwa da haske a tsakar gidan. Maƙwabta sun cika shi har ƙofa.

28 Afrilu

Zafi ya kai inda yake kaiwa, sama da digiri 40 kusan kullum. Mutane suna zaton wannan ne lokacin da sola ta fi ƙarfi, ba haka ba ne. Haske pano yake so, zafi rage shi yake yi, kamar kashi 0.4 cikin ɗari kan kowane digiri da ya haura 25. Gilashin da ke kan rufi da azahar yana iya kai 65, ka ga an yi asarar wajen kashi 16 ke nan tun kafin a yi maganar ƙura. Batirin darma kuma duk ƙarin digiri goma yana raba kwanansa biyu.

Jikar Inna ta aiko cewa ja yana kamawa tun ƙarfe uku na dare, fanka ta tsaya a lokacin da aka fi bukatarta. Muka je. Kayan lafiya lau. Ashe matan layin ne suke kawo salula da magariba, shida, takwas, ita kuma ba ta iya cewa a'a. A taron Juma'a wani ya ce a hana. Ni ban goyi baya ba, kuma na faɗa. Daga ƙarfe goma sha ɗaya zuwa uku batir ya riga ya cika, abin da pano yake bayarwa zubewa yake yi a banza. Aka tsaya a kan caji da rana kawai, dala goma kowace salula, kuɗin kuma a jefa a gwangwani a ajiye don ranar da batir zai mutu. Inna ta ce ita kunya take ji ta karɓi kuɗin maƙwabta. Jikar ta ce ita ba ta ji.

19 Mayu

Gida na biyu, na mai kabu-kabu. Matarsa ta so a ƙara girman kayan don firigo, ta riƙa sayar da ƙanƙara da lemun zoɓo. Tunani ne mai kyau, a wannan zafi ƙanƙara kuɗi ce. Sai dai firigon da ke daskarar da ruwa yana iya cin kilowat ɗaya zuwa biyu a yini, ninkin duk kayan gidan sau huɗu ko fiye. Kuɗin gida uku ke nan. An ce mata in zagayen ya ƙare a sake zama. Ba ta gamsu ba, ta ce maza ne suka yi lissafin shi ya sa fanka ta riga sana'a shiga. Na rubuta maganarta yadda ta faɗe ta, don ina ganin akwai abin dubawa a ciki.

30 Yuni

Babbar Salla ta cinye zubi, gidaje biyar sun tsallake mako biyu. Na Yamai sun aiko nasu cif, na Agadas ya yi jinkiri. Gida na uku ya koma Yuli.

Yaron ya kawo maganar batirin litiyom: ya fi jure zafi, ana iya zuƙe shi kusan duka, yana yin shekaru ninkin na darma. Kuɗinsa a hannu ne matsalar, ya ninka. An bar shi a buɗe.

27 Yuli

Hadarin farko da iskarsa mai jan ƙura ya gwada mana aiki. Namu uku ba wanda ya motsa. Na wani maƙwabci da ba ya cikinmu, wanda aka ɗaure masa a kan kwano da wayar ƙarfe, an tsince shi gida uku gaba, gilashin ya yi raga-raga. Tun ranar mutum biyu sun zo tambayar lambar mai waldarmu.

Mai kabu-kabu ya kawo faktir ɗinsa na bara da na bana, na wata ɗaya, ya shimfiɗa su a tabarmar zaure. Na bana bai kai rabin na bara ba, kuma shi da kansa ya ce tun watan da aka canza ampul ya ga saukin, kafin pano ya hau. An rage kuɗin isansi a makon nan, lita ta sauko zuwa 499, ya ce da wannan da wancan zai biya makonnin da ya tsallake.

8 Satumba

Ban so rubuta wannan shafin ba. Ruwan bana ya wuce misali. Ranar 3 ga wata tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa da ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. Wanda ya tashi a garin nan ya san abin da hakan yake nufi, ba sai na tsawaita ba.

A cikinmu gida biyu katanga ta zauna, ɗaya daga cikinsu shi ne na uku da muka saka wa sola. Mun sauke pano da bulo tun kafin ginin ya ƙarasa, suna zauren mai unguwa. Iyalin suna kwana a wani aji na lakwal tare da wasu. Yaron ya kai musu batirin da ampul biyu, yana ɗauko shi a bayan babur yana yi masa caji a gidan Inna da rana.

An yi zama mai zafi a kan kuɗin da ke cikin akwati, wanda ya kusa isa gida na biyar. Mai layin karɓa ya ce haƙƙinsa ne, wata bakwai yana zubawa. Mai unguwa ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce: "Alhaji, a kan me za mu ɗora pano in babu rufi?" Alhajin ya ce: "Ranka ya daɗe, na ji, amma a rubuta bashi ne." An rubuta. Rabin kuɗin ya tafi ga magina da azara, za a mayar bayan kaka.

Wani abu da damina ta koya mana ta fannin aiki: kwana uku a jere ana lumshi, batir ba ya cika, kuma batirin darma in ya daɗe a rabin ciki farantansa suna yin wani farin gishiri da ba ya komawa. Mun ce duk ranar da ba a ga rana ba, a haƙura da fanka, dama garin da sanyi.

17 Nuwamba

Gida biyar suna da wuta, har da wanda aka sake ginawa, an mayar masa da nasa a kan sabuwar katanga mai kan siminti. Bashin magina an biya kashi biyu cikin uku.

Hunturu ya fara, ƙura tana kwanciya a kan gilashi cikin kwana biyu har ka rubuta sunanka da yatsa. Yaron ya auna na gidan Inna kafin a goge da bayan an goge, bambancin ya kusa amfiya ɗaya. Dokar ita ce a share da busasshen tsumma mai laushi da sassafe, a bi da ɗan ruwa sau ɗaya a mako, ba da rana ba, don ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi yana iya tsaga shi. A garin da ake sayen ruwa a hannun ƴan garuwa, kofi biyu sun isa. Matsalar ita ce hawa: gida biyu ba su da tsani, kuma ba ma son yara suna bin katanga. Mai walda zai yi mana ɗaya na unguwa.

An fasa gwangwanin Inna a gaban shaidu, abin da ke ciki ya kai kusan sulusin kuɗin sabon batir. Daga wannan wata kowane gida da aka saka wa zai riƙa ajiye dala ɗari a mako a akwati na daban, ba a taɓa shi don biki ko suna. Gida na shida za a gwada masa litiyom, mai shi ya yarda ya jira ƙarin mako uku. Maganar firigo da ta ƴan haya suna kan takardar zaman Juma'a mai zuwa, matan sun ce wannan karon su ma za su zo.